Ranar da Ɗakina Ya Faɗi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Na durƙusa na gaishe ki, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Indo. Kin san ban iya rubutu ba, Jummai 'yata ce ke rubutawa a waya, ni ina faɗa. Ta ce mutane za su karanta. Su karanta, ba abin ɓoyo ba ne.

Inna, ɗakina ya faɗi. Ruwa aka yi ta tsugawa a Daura tun asuba. Da hantsi ina zaure ina jira ya tsagaita, sai na ji rim! Katangar gabas ta zauna, ta tafi da rabin ɗakin. Gado, tufafi, buhun kalwar da nake daddawa da ita, duk suna cikin taɓo.

Kafin azahar gida ya cika da 'yan jaje. Da la'asar sai ga ɗana Sani, jikanki, daga Kano. Ko zama bai yi ba, ya ce in haɗa abin da zan haɗa, a sayar da gidan in koma wurinsa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne ya kama shi. Amma gidan nan aka kawo ni amarya, nan Malam ya cika, nan matan unguwa ke aikowa sayen daddawa. A Kano wa ya san ni? Sai dai a ajiye ni gaban talabijin kamar kujera.

Na karaya, ba zan ɓoye miki ba. Sai na tuna tulunki.

Kin tuna a Baure, ranar da na fasa miki tulu a hanyar rijiya? Na dawo ina kururuwa, ina jiran duka. Kika karɓi gindin tulun, kika jujjuya shi, kika ce, "Me ya rage?" Kika zuba ruwa a ciki kika ajiye wa kaji. Kaskon nan har ya fi tulun daɗewa a gidanmu.

Haka shekarar fari. Mata na kuka a bakin rumbu, ke kuwa kika zura hannu kika lalubo 'yan zangarniyar gero, kika ce, "Alhamdu lillahi, ga iri." Lokacin haushinki nake ji. Na ce a raina matar nan ba ta san zafi ba. Sai da na binne ɗa na gane. Ba ki taɓa hana kowa kuka ba. Cewa kike, "A fara da godiya, kukan ba gudu zai yi ba."

To, na tattare zane na shiga taɓon nan, na fara lissafa abin da ya rage da ƙarfi, mutane na kallona. Ni na rage, da ƙafafuna biyu. Akuya ta rage da ɗanta. Turmi na nan, ko gezau. Babbar tukunya na nan. Emeka mai sayar da kayan babur a ƙofar gida, shi ma na ambace shi, don ga shi nan ya tuɓe riga yana kwasar ƙasa da shebur, yana ta cewa in matsa kada in faɗi. Wata ta raɗa wa wata wai tsohuwa ta zautu. Na ji ta sarai. Ita ma na gode wa Allah da ita, tunda ta zo.

Da aka jawo buhun kalwa, ya jiƙe sharkaf. Kin san jiƙaƙƙiyar kalwa ba ta jira, ana barin ta sai ta lalace. Na ce ruwa ya fara mini aiki, ni zan ƙarasa. Na aro busasshen ice a maƙwabta, na ɗora tukunya a tsakar gida, gefen ɓaraguzai. Na dafa, na surfe, na wanke, na sake dafawa, na rufe ta da buhu, yadda kika koya mini.

Sai da na rufe ta na yi kukana. Akushinki da kika bar mini ne aka tono, ya dare biyu. Na yi kuka har na ƙoshi, Inna. Ɓari guda yanzu a ciki nake zuba wa kaji tsaba.

Sani bai tafi ba, yana jira in gaji. Ranar da na buɗe buhu, warin daddawa ya cika lungu, mata suka fara sallama. Ya tsaya yana toshe hanci kamar yadda yake yi yana ƙarami. Ya kalle ni, ya kalli tukunyar, ya fita. Da ya dawo, da magini ya dawo, da amalanken bulo a bayansu.

Jiya aka haƙa tushe. Na ce a yi mini ƙofa tana kallon murhu.

Tsoro ba ya daɗewa a jikina yanzu, Inna. Ko gobe wani abin ya faɗi, na san tambayar da zan fara yi.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki makwanci, ya saka miki da gidan da ruwa ba ya ci. Ya sa mu cika da godiya a bakinmu. Amin.

'Yarki da ta rage,
Indo