Satifiket ɗin da ya cinye mini hutu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Ya yara da maigidanki? Ni lafiyata ƙalau, ciwon kan nan ma ya yi sauƙi.

Sai dai zuwan da na yi alkawari ba zai yiwu ba, kuma raina a ɓace yake. Kin san muna hayar manyan kwamfutoci a wajen wani kamfani, manhajarmu ce ke shiga can ta tsara mana komai. Ba sa buɗe mata ƙofa sai ta nuna satifiket, kamar katin shaida, kuma yana da wa'adi. Sau uku ina rubuta wa manajanmu cewa namu ya kusa ƙarewa, ya sa hannu in sabunta. Ya ce, "Ke kin cika gaggawa."

Ranar Talata da hantsi wa'adin ya cika, aiki ya tsaya cik. A gaban kowa mutumin nan ya nuna ni da biro ya ce, "Ga mai kula da shi nan." Cikin awa biyu na gyara, ladana shi ne an soke hutuna wai za a yi bincike.

Ki ce wa Mama aiki ne ya yi yawa, kar ki ƙara komai. Allah ya ƙara mata lafiya. Ni kuwa na buga saƙonnin nan uku a takarda, gobe zan kai wa shugaban kamfani da hannuna, kuma ba zan fito ba sai ya karanta. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki