Ranar da Inna ta yi maganar ɗan farinta

Kawu,

Gaisuwa mai yawa daga nan Sabo, Ibadan. Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da yara da mutanen Kano duka. Yaya ƙafar taka?

Tun da Yaya Sani ya dawo daga bakin daga, sai ya ce yana jin ƙaurin roba, ya ƙura ido, ya hau mutane da faɗa, daga baya bai san ya yi ba. Unguwa ta ce iska ce, abokansa sojoji suka ce firgitar yaƙi ce.

A babban asibiti muka sami wani likita Bayarabe mai duba ciwon ƙwaƙwalwa da taɓin hankali tare. Ashe akwai irinsu? Ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya haska idonsa, sannan ya tambayi mafarkinsa. Sai ya juya ga Inna: "Mama, yana yaro ya taɓa buguwa a ka?"

Ka san ƙanwarka da kunyar ɗan fari. Ta kau da kai. Likita ya ce maganin ya dogara da amsarta.

Sai ta juya wa Yaya baya, ta ce, "Wancan ya taɓa faɗowa daga motar goro. Daga nan ya fara ƙura ido. Kullum ina lura."

Likita ya ce farfaɗiya ce, yaƙi ya tsananta ta, kuma tana da magani. Yaya bai ma saurara ba, Inna kawai yake kallo.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Gwaggo.

'Yarka,
Hajara