Littafin da Shafi'i Ya Ɓoye

Babura, 9 ga Yuni

Zuwa ga Halimatussa'adiyya, matar ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina ƙara yi miki ta'aziyyar Shafi'i, Allah Ya jiƙansa. Da fatan ke da 'yarku Khairiyya kuna lafiya.

Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun direban motar Kazaure. Kin san ni da marigayi muka yi sana'ar kwabban tagullar nan: shi yake ƙera su, ya sa lambobin sirri na kuɗin intanet, wato kirifto, a bayan kowanne, ya liƙe da tambari, ni kuma na sayar wa 'yan hatsi da 'yan shanu da suka gaji da ɗaukar sefa a hanya. Akwai wani baƙin littafi da yake kwafe lambobin a ciki. Na birkice shago ban gan shi ba, ke nan yana gida. Kayan sana'a ne, ba kayan ɗakinki ba. Ki nemo shi ki ba direba, kada ki buɗe, kada ki gaya wa kowa.

Wassalam,
Muhammadu Lawal

Kazaure, 12 ga Yuni

Yaya Lawal,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode.

Ina cikin takaba, ban ga abin da zai sa na riƙa hira a waya ba. Amma wannan takarda taka ba za ta wuce ba amsa ba. Baban Khairiyya ya dafa Alƙur'ani a kasuwar Babura, kana tsaye kusa da shi, ya rantse cewa duk lambar da ya liƙe, takardarta ta shiga wuta. A kan wannan rantsuwa mutane suka saya. Yau ko wata biyu bai yi a kabari ba, kai ɗan'uwansa kake kiransa maƙaryaci.

Shekaranjiya Adda Ma'u ta zo daga Gwiwa, tsohuwar nan da ta sayar da shanunta don kujerar Hajji, ta ajiye kuɗin a kwabonku. Ta kwance kwabonta daga bakin zane ta ajiye a gabana. Tambarin yana nan lafiya, ko farce bai taɓa shi ba, amma surukinta ya duba lambar asusun da ke fuskar kwabon a waya ya ce babu komai a ciki. Ta ce, "'Yata, yaya za a yi a tatse saniya tana ɗaure a gabana ban gani ba?" Na ba ta haƙuri. Amma na san mutum ɗaya ne yake zama da mijina a shago idan yana liƙa lambobi, kai ne.

Ka huta lafiya,
Halima

Babura, 15 ga Yuni

Halima,

Salam. Ashe bakinki ya kai ki kira ni ɓarawo. To, ki sa surukin Ma'u ya duba miki ranar da aka kwashe, ai wayar tana nunawa. Sha ɗaya ga Fabrairu ne, makon da aka kwantar da ke a Kano za a yi miki aiki. Shafi'i ya ce miki ya sayar da gonarsa ta Roni, ko? Gonar tana nan, da hannuna na shuka gyaɗa a cikinta makon jiya. Da shanun Ma'u aka yi miki magani. Ya yi niyyar mayarwa bayan kaka, ajali ya riga shi.

Na yi shiru ne don na rufa asirinsa, ke kika tona. Ki ba ni littafin. Zan cika wa tsohuwar kwabonta a ɓoye, a ce mata waya ce ta yi kuskure, littafin kuma na ƙone shi. Sana'a ta ci gaba, marainiyarki ta ci abinci, sunan gidanmu ya tsira. Ba shawara nake ba ki ba.

M. Lawal

Kazaure, 24 ga Yuni

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Na jinkirta ne don sai da na nemo littafin.

Na sami littafin a cikin tsohuwar rediyonsa, ya cire kayan cikin ya cusa shi. Rubutunsa ne, ba na musu. Suna, gari, lambobi. A gefen sunan Adda Ma'u ya rubuta, "Allah Ka yafe mini." Gaskiya ka faɗa a kan wannan, na janye abin da na ɗora maka. Duk lokacin da na taɓa ɗinkin cikina yanzu, tsohuwar nan nake tunawa.

Amma littafin ba zai zo Babura ba. Ka san da shi ranar da yake rantsuwa, ka tsaya kana gyaɗa kai. Idan na miƙa maka, na miƙa maka mabuɗin dukiyar mutum sittin ke nan, ba kuma mai shaidar ka ƙone. Ko ni na ƙone shi, babu wanda zai iya rantse cewa ba a taɓa kwafa ba.

Saboda haka na kira Kawu Sama'ilu, ƙanen mahaifiyarku, na nuna masa. Ya karanta, sannan ya ce, "A sanar da masu shi." Mun aika wa kowane suna saƙo: ya ɓare tambarinsa, ya mayar da kuɗinsa inda shi kaɗai ya san mabuɗin, don maƙerin ya ajiye kwafi. Gonar Roni za a sayar bayan an cire gyaɗarka, a ba Adda Ma'u haƙƙinta kafin a yi maganar gado.

Halima

Babura, 28 ga Yuni

Halima,

Ba ni da gaisuwar da zan yi miki. Jiya ranar kasuwa mutane suka cika ƙofar rumfata, wani ya jefo mini kwabonsa a ƙirji, wani ya ambaci sunan mahaifinmu da bakin da ban taɓa ji ba. Shekara talatin ina ciniki a garin nan ba a ɗaga mini murya ba. Mutumin da ya sayar da lahirarsa don ki rayu, kin saka masa da tallata shi a ƙananan hukumomi huɗu. Gobe 'yarsa za ta shiga makaranta a nuna ta da baki, ki tuna ke kika jawo mata.

Idan kin fita takaba ki tattara kayanki. Khairiyya jininmu ce, za mu zo mu ɗauke ta.

M. Lawal

Kazaure, 6 ga Yuli

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum.

Duk waɗanda muka aika wa sun tarar da kuɗinsu, ban da Adda Ma'u. Sai jiya Alhaji Kaumi na Roni ya zo, shi a bakin mutane ya ji labari, don ba mu aika masa ba. Sunansa ba ya cikin littafin. Da Kawu ya ƙirga shafukan, ya ga an yage guda ɗaya daga tsakiya. Kwabon Alhaji wayam yake. An kwashe shi ranar sadakar bakwai ta Baban Khairiyya.

Wannan kam ba mamaci ba ne. Bayan shi kuwa, kai kaɗai ka san da littafin tun yana shago.

Kawu ya ce yana jiranka a gidansa ranar Juma'a bayan masallaci, ka taho da shafin. Alhaji Kaumi ya yarda zai haƙura zuwa ranar, ba zai wuce ta ba. Maganar Khairiyya kuma, ka tayar da ita a can, a gabansu.

Ka gai da mutanen gida.

Halima