Aruna ya taka, amya ta yi shiru

Bawku, Maris 1995

Mikaila, Aruna ya yi tafiya! Jiya da hantsi ya saki zanen uwarsa, ya tako har tabarmata, ya cafke gemuna. Gafarta mini ƙanena, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da Asiatu da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa kasuwar doya albarka.

Ka san 'ya'ya uku 'yata Karimatu ta binne, duk zazzaɓin damina, babu wanda ya kai ga tsayuwa. Wannan kuwa ya haye damina ko ɗumi jikinsa bai yi ba, tun da masu binciken zazzaɓi suka raba mana gidan sauro da ake tsomawa a ruwan magani. Ni na sa hannu a takardar yarda a madadin unguwa, tunda ni na yi makarantar dare.

Sai dai akwai magana mai nauyi. Amyoyin da ka bar mini a ɗorawar bakin tafki sun yi shiru. Da aka gama tsomin rani, an ce a binne sauran ruwan a rami. Mata suka ce abin da ya raya ɗa ba a binne shi kamar gawa. Suka raba a ƙwarya, suka yayyafa ko'ina, wankin gidajen sauron kuma dama a tafki ake yi. Ba a jima ba ƙudan zuma suka zube ƙasa kamar an watsa dawa, tarwaɗa ta taso ciki sama. Sidiku masunci ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce na yanka tafkinsu da alƙalami. Ma'aikaciyar binciken ta zo ta duba, ta ce za ta kai maganar sama, amma wanki ba wanda zai iya hana shi.

Za su dawo tsomi kafin ruwa ya sauka, hannuna suke jira. In na tuna tafki sai na ajiye alƙalami, in yaron ya yi dariya sai na sake ɗauka. Gaba kura, baya sayaki. Wallahi ban san abin yi ba.

Ka gaida Asiatu da ɗanka Muniru, ka aika wa Inna Sabuwa labari a Yendi. Ku zo dukanku ku ga tafiyarsa da idonku. Ka taho da kwalbar zuma daga Salaga, na yi alkawarin lasa masa ranar yaye, ta gida kuwa babu.

Wanka,
Garuba