Jigon da Ba Igiya

Faza, Litinin

Yaya Famau,
Gaisuwa da fatan kuna lafiya a Matondoni. Kwalekwalen da ka sassaƙa wa maigidana Lali ya iso. Amma jigon da ake rataya zanen iska, me ya sa ka tsayar da shi tsirara, ko igiya ɗaya ba ta riƙe shi ba? Duk bakin ruwa dariya ake yi mana. Ban manta ka ƙi cin shinkafar pilau ta bikin aurenmu ba, yau kuma ga kyauta. Ruwa ba ya tsami banza. Me kake nufi da mijina?
Ƙanwarka, Mwanaheri

Matondoni, Alhamis

Mwanaheri sarkin zargi,
Ina amsawa. Da kashe shi nake so, zan ɓata wata biyar ina sassaƙa? Jigon nan gindinsa na dasa har ƙasan jirgi. In iska ta yi ƙarfi kansa yakan lanƙwasa ya zubar da ita, zane ya juya duk inda ake so, mutum ɗaya ya ishe shi. Aibinsa nauyi, kuma ya cinye wurin kwandon kifi biyu. Iyakarta ke nan.
Ki gaida angon naki.
Famau

Faza, Lahadi

Yaya,
Sallama. Jiya Lali ya faɗa teku. Jigonka bai karye ba, amma kada ka yi saurin murna. Shekara ashirin in igiyar ruwa ta bugi jirgi, hannunsa igiyar jigo yake cafka ba tare da ya duba ba. Jiya ya miƙa hannu ya damƙi iska. Masunta ne suka tsamo shi, yana kwance yana aman ruwan gishiri, yana kuma cewa, "Kai, amma jirgin akwai gudu!" Ni kuwa tsoro ya hana ni cin abinci. "Iyakarta ke nan," ka ce. Ka rantse mini ba ka san haka za ta faru ba.
Mwanaheri

Matondoni, Talata

Ƙanwata,
Sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan rantse ba. Ranar gwaji ni ma sau biyu na faɗa ruwa, haka ɗin dai, na ji kunyar a ce mai sassaƙa ya sha ruwa, na ɓoye muku. Ban so aurenku ba, gaskiya ne, amma ban taɓa son ki yi takaba ba. Jibi ina tafe da igiya. Jigon ba ya bukatarta, don hannun Lali ya sami abin cafka zan ɗaura ta.
Ki yafe mini, ki kuma dafa pilau. Zan ci.
Yayanki, Famau