Hotona da akuyar maƙwabta

Maigidana Sani,

Ina gajiya, ina iyali, yaya mutanen Damagaram? Mu nan Tamanrasset lafiya, sai ɓacin rai.

Hoton da ka dame ni a kai, an ɗauka. Na ƙunsa lalle, na ɗaura zanen da ka aiko. Mai hoton, don iyayi, ya ƙi kafa ƙaton akwatinsa bisa ƙafafunsa, ya rungume shi. Na ce, "Yaro, kafa shi!" Ya ce, "Iya, gwani nake." Ashe hannunsa ya motsa. Fim guda ya rage masa, kuma ya wuce garin Tazrouk, babu halin sakewa.

Na fito kamar hayaƙi, akuyar maƙwabta ta fito tsaf har gemu. Ga ta nan, ka rataya, ka ce kakarka ce.

Gaida innarka. Ku yi addu'a kada in haɗu da yaron nan.

Kakarka Hadiza