Shuni a kan Gishiri

Daren Talata, Maraɗi

Jikina kamar an yi mini duka. Daga wurin aiki na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, don likita ya ce sai Inna ta riƙa motsa hannunta na dama da ya shanye, ita kuwa ta ƙi.

Yau na gwada abin da na gani a waya. Na zana da'ira cikin da'ira da ruwan ƙaro a kan kwali, na barbaɗa gishiri, na ɗiga shuni da tsinke. Shunin ya bi gishirin da kansa.

Ta ce, "Hadiza, da gishirin miya kike wasa?"

Na ci gaba da ɗiga shunin. Can ta ce tsakiyar ta karkace, ita da ta tsufa tana saƙar faifai ba za ta zuba ido ba. Ta miƙo hagu, na sa mata tsinken a dama. Sau uku yana faɗuwa. A na huɗu ta ɗiga, ta yi tsaki don ya malale.

Da zan fito ta ce, "Gobe ki taho da ja."

Gobe ba zan tashi aiki ba sai la'asar. Na dai ce mata to.